Agogon Motsa Jiki da Sirrin Lafiyarmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan agogon hannu da manhajojin waya masu ƙirga taku, da auna bugun zuciya, har da lissafa sa'o'in barci. Ba na musun amfaninsu, domin ni kaina agogon ne ke tayar da ni daga kujera idan ya girgiza a hannuna, na duba na ga ko taku 3,000 ban yi ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda waɗannan bayanai suke zuwa. A watan Janairun 2018 aka gano cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa, mai nuna hanyoyin da jama'a ke bi suna gudu, ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, saboda kawai sojojin sun bar manhajar a kunne suna zagaye. To, idan sansanin soja bai tsira ba, ina ga matar da ke ɗora hanyar gudunta a Facebook kowace safiya, layin ya tashi daga ƙofar gidanta ya kuma dawo nan? A shekarar ce kuma aka yi wa MyFitnessPal, wata manhajar lissafa abinci da motsa jiki, kutse, lamarin ya shafi asusu kimanin miliyan 150.

Ina kira ga masu karatu da su shiga saitin manhajar, su ɓoye mafari da ƙarshen hanyarsu, su taƙaita masu ganin bayanansu ga waɗanda suka sani.

Naka,
Wani mai karatu