Ga ƴan uwa masu ba da shawarar rayuwa a Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum ƴan uwa. Mutum ba ya kai kukansa wurin wanda bai taɓa jin maganarsa ba, don haka mu riƙa rubutu. A ɗauki matsala ɗaya da kowa ya sani, kamar manomin da kamfanin auduga na SODECOTON ya biya kuɗin audugarsa, amma kafin damina kuɗin sun ƙare, ko yarinyar da ta ci bakaloriya, jarrabawar gama sakandare, tana zaune a gida ba ta san inda za ta nufa ba. A faɗi mafita a fili, babu kwana-kwana. Labarin wanda ya zo muku kuwa, don Allah ku bar shi, ko kun sakaya suna ƴan unguwa za su gane. Ku haɗa da saƙon murya da Fulatanci, mutanenmu da yawa sun fi son sauraro.