Wanda ya ziyarci Shiloh kada ya tsallake Corinth

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan'uwa da karatu ko aiki ya kai su Amurka zuwa ga garin Savannah na jihar Tenesi da fagen daga na Shiloh da ke kusa da shi, tafiyar kimanin awa 2 a mota daga birnin Memphis.

Savannah ƙaramin gari ne a gaɓar kogin Tenesi, mutanensa kimanin 7,000, kuma suna alfahari da soyayyiyar tarwaɗarsu. A kan tudun da ke fuskantar kogin akwai tsohon gida mai suna Cherry Mansion, inda Janar Ulysses Grant na rundunar Arewa ya sauka a lokacin yaƙin basasar Amurka. Yana cikin karin kumallo a gidan ranar 6 ga Afrilu, 1862, ya ji rugugin igwa, sai ya hau jirgin ruwa ya nufi Pittsburg Landing, wata tashar jirgin ruwa a Shiloh, inda sojojin Kudu suka afka wa sansaninsa da asuba.

Kwana 2 aka yi ana gwabzawa. A ranar farko 'yan Kudu sun kora 'yan Arewa har kusa da bakin kogi, amma kwamandansu, Janar Albert Sidney Johnston, harsashi ya same shi a bayan gwiwa, jini ya yi ta zuba har rai ya yi halinsa. Cikin dare dakarun Janar Buell na Arewa suka iso, washegari reshe ya juye da mujiya. Waɗanda aka kashe, da waɗanda suka ji rauni, da waɗanda suka ɓace ko aka kama sun haura 23,000, kuma kusan 3,500 daga cikinsu a filin suka cika.

Tun 1894 gwamnatin tarayya ta keɓe wurin, kuma dole a yaba da yadda ake kula da shi. An jera igwogi a inda suka tsaya, an kafa alluna masu nuna matsayin kowace bataliya, har da ɗan tafkin da aka ce masu rauni na ɓangarorin biyu sun rarrafo sun sha ruwansa. Maƙabartar ce ta fi taɓa mini zuciya. An tattara gawarwakin sojojin Arewa fiye da 3,500 daga Shiloh da wasu wurare a kan tudu, mafi yawansu ba a san sunayensu ba, su kuwa matattun Kudu suna nan cikin dogayen ramukan da aka zuba su tare saboda zafin rana bai ba da damar jira ba.

Sai dai duk wannan yana nuna yadda aka yi yaƙin ne kawai, kuma mai ziyara yana iya kammala zagayensa bai ji abin da ya haddasa shi ba, wato bauta. Shi ya sa nake ganin ziyarar ba ta cika ba sai an ƙarasa Corinth a jihar Misisifi, kimanin kilomita 35 daga Shiloh. Mahaɗar layukan dogo da ke garin ita ce abin da Grant ya nufa tun farko, kuma 'yan Arewa sun karɓe ta a ƙarshen Mayu na shekarar. Daga nan bayi suka riƙa gudowa daga gonaki suna neman mafaka, har aka kafa musu sansani wanda kimanin mutum 6,000 suka zauna a cikinsa. Sun gina gidaje da makaranta da coci da asibiti, sun noma auduga da kayan lambu, manya da yara suka koyi karatun da aka haramta musu a da, ɗaruruwan maza kuma suka shiga soja domin su yaƙi waɗanda suka bautar da su. Tsakanin ƙarshen 1863 da farkon 1864 aka kwashe su zuwa Memphis.

A yau an kafa mutum-mutumin tagulla na waɗannan bayin Allah a wurin, kuma hukumar da ke kula da Shiloh ce ke kula da shi. Ina roƙon duk wanda zai je ya ware wa Corinth rabin yini, ya kuma tafi da 'ya'yansa.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Memphis, Amurka