Ciyaman, a yi wa tsohon ɗakin taron En'e yaɓe kafin ruwa ya sauka

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili a jaridar nan in yi magana da Ciyaman ɗinmu da kansilolinsa, tunda ganinsu a sakatariya ya gagara, duk ranar da ka je sai masinja ya ce ai Oga yana babban birnin jiha, sai ƙarshen wata in kuɗi sun shigo ka ga motoci sun cika harabar kamar ana ɗaurin aure. Ba zan kama sunan garin ba, su sun san kansu.

A tsakiyar garin namu daura da ƙofar gidan hakimi akwai tsohon ɗakin taro tun na zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Ginin ƙasa ne, tubali da azara, ciki ɗaurin guga, kaurin bangon nan har yaro yana iya kwanciya a kan taga ya yi barci, kuma ko a watan Afrilu ka shiga sai ka ji sanyi kamar an kunna esi. A nan ake tara dagatai da masu unguwanni lokacin haraji da jangali, a nan aka yi ajin yaƙi da jahilci inda Babanmu Allah ya jiƙansa ya koyi rubuta sunansa da boko yana da furfura, ni ma a jikin bangonsa na waje na fara kallon majigi. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 aka soke En'e, a cikinsa sabuwar majalisa ta fara zama kafin a gina sakatariya can bayan gari inda sai ka hau acaɓa za ka je.

Shekaranjiya na leƙa, wallahi sai da na yi ƙwalla. Indararo biyu sun faɗi, ruwan bara ya bi bangon gabas ya zaizaye shi, gara ta shiga azara har ka sa yatsa ya nutse, jemagu a sama awaki a ƙasa, ga wata tsohuwar akwatin ƙarfe a lungu cike da rasiɗan haraji da rajistar sunayen mutanen gari, rabi duk ya dagargaje. Sunayen kakanninmu fa.

To yanzu maganar da ke yawo a majalisun masu shayi ita ce wai za a rushe shi a yi layin shaguna don a samu kuɗin shiga. Shagunan da aka yi a tasha ma waye ya san inda hayarsu take shiga? Kuma mu duba abin da aka sa a gaba a 'yan shekarun nan, an gina ƙatuwar ƙofar shiga gari an liƙa hotuna, an yi shataletale a garin da ko ranar kasuwa ba a gosulo, an raba babura ga 'yan jagaliya. Duk da kuɗi aka yi su.

Na san wani zai ce haba Malam, mutane na shan ruwan kududdufi, asibitin sha-ka-tafi ba ko farasitamol, yara na zaune a ƙasa a firamare, kai kuma kana kukan tsohon kango. Gaskiya ne, in an ce in zaɓa tsakanin rijiyar burtsatse da ɗakin nan zan ce a haƙa rijiya. Amma ai ba a haƙa ɗin ba, ƙofa aka gina. Kuma gyaran ɗakin nan baya buƙatar ɗan kwangila daga Abuja, maginan gargajiya muna da su a gari, ƙasa ce da ramno da makuba da sabuwar azara da indararo, sati biyu ko uku sun gama. Ina jin ma matsalar kenan, aikin da ba kwangila ba a samun kaso a ciki.

A da in ka yi magana sai a ce hannunmu a ɗaure yake, kuɗin suna asusun haɗaka wajen gwamna. To a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi ya saɓa tsarin mulki. Ko kuɗin suna zuwa ko ba sa zuwa, a fito a gaya mana mana. Kuma a ina za a gaya mana? Nan ne amfanin ɗakin. Sakatariya akwai geti akwai 'yan sanda, talaka mai silifas ba ya wucewa, amma tsohon ɗakin nan ƙofarsa a kan titin kasuwa take, tsohuwa mai sayar da daddawa ma za ta iya shiga ta zauna. A gyara shi, duk shekara Ciyaman ya zo ya karanta kasafin kuɗi da Hausa a gaban jama'a, nawa aka samu nawa aka kashe, mu tambaya ya amsa.

Mutanen Kano ba su rushe Gidan Ɗan Hausa sun yi shaguna ba, inda Baturen nan Hanns Vischer da ake kira Ɗan Hausa ya zauna, yana nan ana zuwa kallo. Tsohuwar Kwalejin Katsina da su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu ita ma ginin ƙasa ce, an mai da ita gidan tarihi. Namu bai kai su suna ba, amma shi Allah ya ba mu.

Mu 'yan ƙungiyar ci gaban gari mun yi karo-karo har mun sayi indararo, Sarkin Magina ya ce shi da yaransa ko abinci kawai aka ba su za su hau. Izini muke nema da mabuɗi, takardarmu tana ofishin sakatare tun kafin azumi. Ranka ya daɗe hadari ya fara haɗowa daga gabas, don Allah a sa mata hannu.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare