Zuwa ga Babana, a kan akori-kurar nan

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan kana lafiya, kai da yaron motarka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Innarka da ta motsa tun shigowar hunturu.

Wani direba da kuka yi lodin tumatir tare a Kwanar Gafan ya gaya mini motar ba ta tashi da asuba sai an tura. Wannan bai tayar mini da hankali ba. Fijo 504 ce haɗin Kaduna, ta girme ka, kuma ƙin tashinta ba ya wuce wuta ko mai. Ka fara sauraro kafin ka ɗauki sifana. In ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas, fitilu suka dushe, batir ne ko kawunansa. Kwance su, ka kankare farin garin nan da ke taruwa, ka ɗaure tamau, ban da dokawa da dutse. Kada ka manta da wayar da ta tashi daga batir ta kama jikin mota, ta sha wahalar da ni. In fitilu na nan garau amma shiru, kiki ne, wato abin da ke juya injin ya tashi, kai shi wurin mai wayarin.

In kuwa injin na juyawa bai kama ba, daina takura kiki, daƙiƙa 10 ta isa, ka bar shi ya huta. Zare wayar tsakiya ta distiribita, mai raba wa fulogi wuta, ka riƙe ta da filaya mai roba dab da ƙarfen injin, yaro ya murɗa. Shuɗiyar wuta mai ƙara ita ake so. In ja ce mai sanyin jiki, buɗe marfin distiribita ka duba kwantak, ɗan ƙarfen da ke haɗa wuta yana yankewa: bakinsa ya buɗe milimita 0.4, in ya ci wuta ka canja shi tare da kondensa. Goge ƙurar cikin marfin, ka duba ko ya tsage. Wayoyin fulogi 1-3-4-2 suke bi. In sai ta yi zafi take mutuwa, ta huce ta tashi, zargi kwayil, mai ƙara wa wutar fulogi ƙarfi.

Amma ba wannan ya sa ni rubutu ba. Mutumin ya ce da idonsa ya gan ka ka cire tukunyar iska, kana tsiyaya fetur daga gora cikin kafireta, yaro na murɗa makulli, fuskarka na saman injin. Babana, kana da hankali kuwa? Injin da taimin ɗinsa, wato lokacin ba da wuta, ya goce ta kafireta yake tofo wuta, wutar ta bi man ta hau gorar da ke hannunka, daga nan sai riga. Kafin wani ya ɗebo yashi an gama. Kai ne ka riƙa kai wa Kawunka abinci wata huɗu da ya ƙone, kai ka riƙa kore masa ƙuda, yau sai na ji wannan daga bakin bare? Kwana uku ke nan da na rufe ido sai in ga hannun nan nasa. Tumatir ya ruɓe mana! Kwando nawa ne? Wallahi in na sake ji, da ƙafata zan zo in karɓi makullin.

Na san ka ce wa yayarka na haɗa ka da gwangwani. Abin da nake da shi na ba ka, kuma ka san inda kuɗin gonar fadama suka tafi. Da motar nan na aurar da mata uku, ba ta taɓa kwana da ni a daji ba.

Ka yi haƙuri da zafin maganata. Ban gaya wa Innarka ba, kai ma kada ka gaya mata. Na ba direban sabon kwantak da kondensa da fulogi huɗu, suna cikin ledar da ta sa maka dambun nama. Ka sa wani makanike ya daidaita maka taimin kafin lodin Juma'a, sannan ka kira ni in ji ƙarar injin a waya.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka