Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu: ganyen waje na tabar naɗin hannu da abin da yake yi wa ɗanɗano

Abokan cinikinmu masu daraja, barkanku da warhaka.

Tambaya ɗaya ce ta fi yawa a kan kantarmu: a tabar naɗin hannu, wato siga (cigar) da ake naɗawa da ganyen taba zalla ba takarda, baƙar ce ta fi ƙarfi ko farar? Yanzu kuma da hunturu ya kama, ga ƙorafin karan da ya tsage kafin a kai rabinsa. Duka biyun magana ce ta ganyen waje, shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a rubuce. Wasiƙar ta manya ce da suka riga suka saba da taba. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma tabar naɗin hannu tana jawo kansar baki da ta maƙogwaro ko da mutum ba ya haɗiye hayaƙin. Wanda bai fara ba, kada wannan bayani ya sa ya fara.

Kowane kara hawa uku ne. A ciki akwai ganyen ciko, wanda shi ne mafi yawan nauyin karan. Ganyen ɗauri ne ke riƙe shi. Na ƙarshe shi ne ganyen waje, rabin ganye guda da aka cire wa babbar jijiyar tsakiya, aka yanke gefensa da wuƙa, aka naɗa shi a karkace tun daga bakin da ake kunnawa har zuwa kai, aka liƙe hular, wato ɗan ganyen da ke rufe kan da ake sa wa a baki, da ɗan ƙaro marar ɗanɗano. A nauyi bai taka kara ya karya ba, amma shi ne mafi tsada, domin tabo ɗaya ko huji ɗaya ya isa a mayar da ganye cikin na ɗauri.

Za ku ji wasu na cewa kashi 60 na ɗanɗano daga gare shi yake, wasu su ce bai kai 20 ba. Kada ku riƙe ko ɗaya. Amsar tana sauyawa daga kara zuwa kara, kuma abu biyu ne ke juya ta.

Na farko kauri. Ana auna kaurin kara da lamba, kowace lamba kashi ɗaya ce cikin 64 na inci. Dogon siririn da ake kira lansero mai lamba 38 faɗinsa kusan milimita 15 ne, gajeren da ake kira robusto mai 50 kusan 20, mai lamba 60 kuwa kusan 24. Idan kara ya yi kauri, ciko yana ƙaruwa fiye da yadda kewayen ke ƙaruwa. Saboda haka kason ganyen waje a mai lamba 38 ya kai ninki ɗaya da rabi na kasonsa a mai lamba 60. Mai son jin ganyen waje sosai ya ɗauki siriri. Sayen mai kauri don kawai an yaba rigarsa asarar kuɗi ce a ganinmu.

Na biyu ƙarfin cikon. Ganyen da ke can saman shukar, lihero, ya fi shan rana, ya fi kauri da nikotin, kuma yana ci a hankali. Na tsakiya, seko, shi ke ba da ƙamshi. Na ƙasa, bolado, aikinsa ya sa wuta ta ci. Idan an cika lihero a ciki, ganyen waje mai laushi ba ya jin kansa. Idan cikon mai sauƙi ne, ganyen waje ke jan ragama. Ƙari a kan haka, shi ne ke taɓa leɓe da harshe, don haka zaƙinsa ko yajinsa ake fara ji tun kafin a kunna.

To, batun launi. Launi ba ma'aunin ƙarfi ba ne, yana nuna yadda aka noma ganyen da yadda aka sarrafa shi. Mai hasken nan, ruwan zuma, an fi noma shi a inuwa. A kwarin kogin Konetikat na Amurka, tun wajen 1900 ake shimfiɗa yadi mai shara-shara a kan gonaki don rage rana, ganyen ya fito siriri mai ƙananan jijiyoyi. Haka manoman Pinar del Riyo suke yi a Kuba. A Ikwado gajimare ne ke yin aikin yadin. Irin wannan ganye yana ba da ɗanɗano mai laushi, da ƙamshin itace da ɗan bauri a ƙarshe. Baƙin kuwa, maduro, ganye ne mai kauri da ya sha rana, kamar mai faɗin nan na Konetikat ko na San Andires a jihar Berakurus ta Meziko. Bayan an shanya shi a rumfa, ana jibge shi tuli guda ya tsima da zafinsa na dogon lokaci, ana juyawa don kada ya ƙone. Siririn ganye ba zai jure wannan ba, ruɓewa zai yi. Tsimawar tana kawar da ɗaci da maƙaƙi, ta bar zaƙi mai kama da gahawa ko cakulan. Shi ya sa baƙin kara kan fi wani farin sauƙin sha, idan farin na ɗauke da lihero mai yawa a ciki. Ku tambaye mu abin da ke ciki kafin ku duba launi.

Ganyen Kamaru ya cancanci a tsaya a kansa, tunda na maƙwabta ne. Ana noma shi a gabashin ƙasar da kuma tsallaken iyaka a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, daga irin da asalinsa na Sumatara ne. Idan kuka shafa shi za ku ji ƙananan ƙuraje kamar yashi, wannan ba aibi ba ne, wurin da mai ya taru ne. Yana da zaƙi da ɗan yaji, amma siriri ne ƙwarai, kuma shi ke fara tsagewa idan iska ta bushe.

Taba na son danshi kashi 65 zuwa 70 da zafin digiri 18 zuwa 21. A tsakiyar hunturu danshin iska a arewa kan faɗi ƙasa da kashi 20. Ganyen waje ke fara bushewa ya ɗame, ciko kuwa na nan da laimarsa. Da an kunna, zafi ya kumbura cikon, sai ganyen ya tsage a tsaye. Kada ku bar kara a aljihu ko a mota, ku fito da shi daga akwatin ajiya lokacin da za ku sha kawai. Wanda ya riga ya bushe, kada a fesa masa ruwa: ciko zai kumbura ya fasa shi. A sa shi a akwati mai danshi kashi 62 ko 65 na mako biyu, sannan a ɗaga zuwa 69, ana juya shi duk bayan kwana biyu. Zai yi laushi, amma ƙamshin da ya tafi da man ganyen ba ya dawowa duka. Ruwan akwati ya zama tataccen nan na kantin magani, na famfo yana kawo fumfuna. Na'urar auna danshi ma a gwada ta: a jiƙa gishiri a murfin kwalba ba tare da ya narke ba, a rufe su tare a leda na awa 8, ya kamata ta nuna 75.

Da damina matsalar juyewa take yi. Ganyen waje ya sha laima ya ƙi ci, ciko ya ci ya shige ciki ya bar rami, hayaƙi ya yi ɗaci. Maganinsa a fito da karan a ajiye shi a busasshen akwati na kwana ɗaya kafin a sha. Zafin bazara kuma shi ke ƙyanƙyashe ƙwaron taba. Huji kamar na allura a jikin ganye alamarsa ce. A yar da mai hujin, sauran a rufe a leda, kwana ɗaya a firji, uku a firiza, ɗaya kuma a firji.

Wajen yanka, milimita 2 daga hular ta isa. Idan reza ta wuce kafaɗar karan, wato inda lanƙwasar kan ta ƙare, ta yanke abin da ke riƙe naɗin, ganyen zai warware a hannu. A gasa bakin ana juyawa har kewayen ya kama ko'ina, don idan gefe ɗaya ya riga, haka zai yi ta gudu. Zuƙa ɗaya a minti ta wadatar. Gaggawa na ƙona siririn ganye, ɗanɗanonsa ya koma ɗaci.

Mai son tabbatar da wannan da bakinsa ya sayi kara biyu masu ciko ɗaya da kauri ɗaya, ɗaya da farin ganye, ɗaya da maduro. Ya bar su mako guda a akwati ɗaya, ya sha su a ranaku daban da ruwa kawai. Wanda kuma ya buɗe kwali ya tarar da tsaga tun daga shago, ya dawo mana da shi ba tare da ya yanka ba, za mu duba mu canja masa.

Mun gode da cinikinku.

Naku,
Mu ma'aikatan shago