Zuwa ga ɗana, kan damuwar da ta ƙi sauka

Ɗana,

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya, mahaifiyarka tana gaishe ka.

Tun ranar da muka yi waya wata magana taka ta tsaya mini a rai. Ka ce kana karanta shafi ɗaya sau uku, ka ɗaga kai ba abin da ya zauna, har ka fara tsoron ko ƙwaƙwalwarka ce ta soma lalacewa. Da dariya ka faɗa, amma muryarka ta mai gajiya ce. Ni na haife ka, na san kai ba rago ba ne. Wata takwas ke nan kana aiki ba hutu, barcinka bai cika awa biyar ba. Ni ma na bi wannan hanya, sai da hawan jini ya kwantar da ni sannan na nemi sanin abin da ke faruwa a jikina. Ba na so ka jira haka.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da ake kira amigdala, aikinsa gadi. Da zarar ya hango haɗari sai ya tayar da jiki, saƙo ya sauka har zuwa wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda, su saki sinadaran adiranalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugawa, sukari ya hau a jini, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Rahama ce daga Allah ga wanda ya yi kiciɓis da maciji. Sai dai jiki bai san bambancin maciji da saƙon ogan wurin aiki da tsakar dare ba. A ƙa'ida kotisol yana hawa da safe, ya sauka da dare don mutum ya runtsa. Idan damuwa ta daɗe, wannan tsari yakan rikice.

Yankin da ke ɗaukar sabon abu ya adana sunansa hifokamfas. A shekarar 1968 wani masani, Bruce McEwen na Jami'ar Rockefeller da ke Amurka, ya gano cewa sinadarin damuwa yana taruwa sosai a wannan yanki. Daga baya aka ga cewa ɓerayen da aka sa cikin matsi na makonni, rassan ƙwayoyin jijiyarsu na wurin suna ƙanƙancewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan yanki na cikin masu taka wa kotisol birki. In ya yi rauni, birkin ma ya yi rauni. Sashen da ke bayan goshi, mai tsara aiki da danne fushi, shi ma yana yin sanyi, mai gadin kuwa sai ƙara kaifi yake. Shi ya sa ƙaramar magana take harzuƙa ka, kamar yadda ka yi wa ƙanwarka tsawa kwanaki. Ba ta riƙe ka ba, amma ka kira ta.

Ka kwantar da hankalinka, abin yana gyaruwa. A 2009 an auna ɗaliban likitanci da suka shafe wata guda suna shirin babbar jarrabawa, aka ga ikon juya hankalinsu daga wani abu zuwa wani ya ragu. Bayan wata guda da saukar nauyin, suka koma daidai da sauran mutane.

Ka fara da barci, don shi ne bangon da ya tsage har ƙadangare ya samu wurin shiga. Baligi yana bukatar aƙalla awa 7. Ka tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, ka ajiye waya nesa da gado. Ka bar shan kofi da yamma, domin bayan kimanin awa 5 rabin sinadarinsa yana nan a jininka. Sai motsa jiki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar. Idan ƙirjinka ya cushe, ka ja numfashi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo, hakan yana rage bugun zuciya.

Amma duk waɗannan ba za su isa ba muddin kayan da ke kanka sun fi ƙarfin wuyanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka zauna ka duba wane aiki za ka ce ba za ka iya ƙarawa ba. Ka daina haɗiye komai kai kaɗai, ni haɗiyewar ce ta kai ni asibiti. In kuma ka yi mako biyu cikin baƙin ciki, ba abin da ke maka daɗi, ko tunanin cutar da kanka ya zo maka, ka je wurin likita a ranar, ka kuma kira ni ko da ƙarfe nawa ne.

Zan kira ka ranar Asabar, abin da zan fara tambaya shi ne awa nawa ka yi barci. Allah ya yi maka albarka, ya sauƙaƙa maka.

Mahaifinka