Gidajen kakanninmu na ƙauye na rushewa

Malam edita, sallama daga Damagaram. Kowa ya zo Zinder sai Birni da fadar Sarki yake ɗaukar hoto, to gidajen ƙasa na ƙauye fa wa ke kula da su? Bayan damina na je garinmu wajen Mirriya, soron kakana ya faɗi, azara duk gara ta cinye. Gidan nan da tubali aka gina shi, zaure mai sanyi ko a watan Afrilu, ɗakin kaka daɓe sumul, jeren tasoshi har sama, rumbuna a bayan gida. Yanzu yara sun ce siminti da tol (kwanon rufi) za su sa, wai ci gaba, alhali zafi ne kawai za su sha. Don Allah hukuma ta yi rajistar irin gidajen nan tun magina masu iya yaɓe suna raye.

Mai karatunku, Zinder